Farin Tiyon da Na Ara wa Bature

A kan iyaka ta farko aka fara raina mu, don haka daga nan zan ɗauko labarin. Abin da ke tsakanin Abuja da Legas ba labari ba ne, ramuka ne da masu tare hanya, kowa ya san su.

Sunana Iro. A Dei-Dei, bayan kasuwar katako, Baba Iro Tanka ake ce mini, saboda shekara talatin da ɗoriya na yi ina jan tankar ruwa a garin nan. Tun Gwarinpa tana daji nake shayar da ita. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai ɗan abin da na tsinta a zauren malam bayan na yi gemu. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya biyo ni gida.

Mutumin da na tuƙa shi ne Injiniya Lawal, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ke zaune shi kaɗai tun rasuwar Hajiyarsa. Bakano ne, ni kuwa Bazazzage, kun ga ke nan rigimarmu ta gado ce, ba mu muka fara ba. Na daɗe ina kai ruwa gidansa. Ban taɓa naɗe mesa ba tare da na kira shi marowaci ba, shi ma bai taɓa sallamata ba tare da ya kira ni bawansa ba. Da kamfani ya ce na tsufa aka karɓe makulli, wata bakwai na yi a gida ina kallon Talatu matata, ita ma tana kallona. Sai ga aikensa.

Yana da ciwon suga, likita kuma ya gaya masa ƙodarsa ta fara gajiya. Burinsa ɗaya ne: ya kai ziyara Kaulaha, a ƙasar Senigal, kafin jiki ya ƙi. Kuma ta ƙasa, yadda mahaifinsa ya je. 'Yarsa Barista Zainab ta yi magiya ya hau jirgi, ya ce jirgi ba ya kai mutum ziyara, jefa shi kawai yake yi. Sai ya sayi wata tsohuwar mota 'yar Beljiyam, irin wadda Turawa ke yawon duniya a ciki. Gida ne guda aka ɗora wa taya: gado biyu, murhun gas, firij, famfo, har da masai. Na ce, "Injiniya, wato duk wannan don kada ka kwana a otal a ci maka kuɗi?" Ya ce, "Shiga ka ja, Bazazzage."

To a kan iyakar nan, mutum uku masu kaki suka shiga motar. Ɗaya ya zauna a gadon Injiniya yana gwada laushinsa, ɗaya ya buɗe firij, na ukun ya murɗa famfo, da ya ga ruwa ya zo sai ya kira na waje su zo su gani. Suka ce ba su san layin da za su sa wannan mota ba: in asibiti ce ina likita, in otal ce ina lasisi. Muka wuni a rana. Sai bayan la'asar suka gano takardunmu sun cika, daidai lokacin da katan ɗin dabinon da Injiniya ya saya don tsarabar Kaulaha ya sauka daga mota ya bi su ofis. Da muka wuce ya ce, "Dabinon Madina ne fa." Daga nan har Kwatano bai ƙara magana ba.

A bayan Kwatano muka fara sauka a irin filin da masu waɗannan motoci ke yada zango. Fili ne a bakin teku, da famfo a gefe, da wani rami mai murfi can nesa inda kowa ke zubar da ƙazantar masan motarsa. Da safe Injiniya ya kira ni.

"Iro, zo ka ɗauki karatu."

"Karatun me?"

"Na ruwa."

Na yi dariya har hulata ta zame. Ni za a koya wa ruwa? Ni da na shayar da ministoci?

Ya buɗe wata ƙaramar ƙofa a gefen dama na motar, ya fito da farin tiyo a cikin jakarsa. Ya zagaya hagu, ya buɗe wata, ya nuna mini baƙin tiyo da safar hannu ta roba.

Ya ce, "Farin nan na ruwan sha ne, da shi ake cika tanki. Baƙin nan na wanke tankin masai ne. Ba sa gaisawa, ba sa kwana ɗaki ɗaya. In ka je famfo, kafin ka ɗaura komai ka goge bakinsa da ruwan bilic, don ba ka san abin da wanda ya riga ka ya rataya a wurin ba. Ka bar shi ya zuba kaɗan. Ka ɗaura wannan," ya ɗaga wani abu mai kamar kwalbar shayi, "shi ne mataci, sannan tiyo. Ka bar ruwan farko ya tafi ƙasa. Bakin tiyo kuwa kada ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya."

Na ce, "In ya taɓa fa? Alwalarsa ta karye?"

"Ta karye. Sai an yi masa wanka. In ka gama, ka ɗaga shi ruwan ciki ya tsiyaye, ka haɗa bakin nan da wancan ka murɗe, kada ƙwaro ya shiga ya yi haya. Duk mako a ɗura masa ruwan bilic, a bar shi ya jiƙa, a ɗauraye. Baƙin kuma shi ne aikin ƙarshe, da safar hannu, ka gama ka wanke hannu da sabulu. Sai doka ta ƙarshe: farin nan ba a ara wa kowa."

A nan na kama shi. Na ce, "To ka fito fili mana, Bakano. Duk wannan doguwar huɗubar ashe kan rowa za ta sauka. Ruwa fa! Abin da ko maƙiyi ba a hana wa."

"Ban ce ka hana ruwa ba. Ka ɗiba a bokiti ka bayar. Tiyo na ce."

Sai na jawo masa nawa karatun. Na ce malaminmu na zaure ya karantar da mu cewa ruwa, muddin launinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, warinsa bai canza ba, mai tsarki ne. Da waɗannan uku na yi aiki shekara talatin, ba wanda ya kai ni ƙara.

Ya ce, "Malaminku maganar alwala yake, Iro, ba hanji ba."

Na ce Boko ta lalata shi. Ya ce rashinta ya lalata ni. Muka sha shayi. Amma na lura da abu guda: kwalbar bilic ɗin, duk lokacin da aka ɗiba sai ya ja mata layi da biro. Bakano ke nan.

Lome. A nan aka yi mana sata da Hausa. Mun tsaya gyaran birki sai ga wani dattijo cikin farar riga, carbi a hannu, Hausarsa ta Sakkwatawa tas. Kwana huɗu ban ji wani ya ce mini "sannu da hanya" ba, da na ji sai da idona ya yi ruwa. Shi ya kai mu wurin makaniki, shi ya nuna mana masallaci, shi ya yi mana tafinta a kasuwa. Da ya ji Kaulaha za mu sai ya kama hannun Injiniya ya ce a sa shi a addu'a. Ya taya ni ɗaure kaya, ya yi mana doguwar fatiha. Sai da muka isa masauki na buɗe ƙofar dama, na tarar babu mataci, babu na ajiya. Na san bai ma san amfaninsu ba, ya ga abu ne mai ƙyalli kawai.

Injiniya ya zauna a kan matakalar mota. Sannan ya ce, "To, mai gadi ya tafi. Yanzu tsakanin cikina da duniya babu kowa sai tiyon nan da hannunka."

Na ce mu koma shan ruwan leda mana. Ya ce shi bai san rijiyar da aka ɗura shi ba, amma tankinsa ya san abin da ya shiga ciki. Haka yake tun a Abuja, ruwan da bai ga hanyarsa ba ba ya sha.

A Lome ne kewar gida ta kama ni sosai. Teku ba ta yin shiru, kuma ƙararta ba ta da ma'ana. Ni na saba da ƙarar tireloli suna juyawa, da injin yanka katako, da kukan shanu daga kasuwar kara. Abinci duk kifi ne da wani tuwo mai tsami. Na kira Talatu, ta ce, "Malam, kana cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ta ce akuya ta haifi biyu, ɗakin baya yana yoyo, maƙwabci ya tambaye ni. Na ce ta gaishe shi. Da na ajiye wayar na shiga masan motar na rufe ƙofa, don nan ne kaɗai wurin da Bakano ba zai ga fuskata ba.

Muka shiga Gana, muka wuce Ankara, muka sauka a wani fili a bakin teku kafin Takwaradi, cikin itatuwan kwakwa. Injiniya ya ce za mu huta kwana uku. Gaskiya ni bin dokokinsa nake yi har lokacin, ina yi ina mita. Na iya goge bakin famfo kamar mai yi wa jariri wanka.

Rana ta biyu da hantsi ya ɗauki tasi zuwa gari neman wani mataci. Ya ce kafin ya dawo in cika tanki.

Kusa da mu akwai wata mota irin tamu, ta wani tsohon Bature da matarsa. Rana ta gasa shi ya yi ja kamar tattasai. Ba ya jin Turanci sosai, ni ma ba na ji, don haka mun fahimci juna ƙwarai. Tun jiya matar ta miƙo mana ayaba. Ina zaune sai ga shi da wani guntun tiyo a hannu, ya tsage gida biyu. Ya nuna nasa, ya nuna motarmu, ya nuna famfo, ya haɗa hannuwa yana roƙo.

Yanzu ku tsaya ku yi mini shari'a. Baƙo ya zo ƙofarka kan maganar ruwa. Kana da tiyo biyu, ɗaya mai tsabta, ɗaya na masai. Wanne ɗan halak zai miƙa wa baƙo na masai? A gidanmu ko kwanon sha za a ba baƙo, wanda ya fi kyau ake ɗaukowa. Kuma ba a tambayar mai aro me zai yi da abu, wannan wulaƙanci ne. Na tuna dokar Injiniya sarai, ban manta ba. Tunawar ce ma ta ƙara mini ƙarfi. Na ce a raina yau Bature zai san ba duk 'yan Najeriya ne Kanawa ba. Na buɗe ƙofar dama, na zaro farin tiyo daga jakarsa, na miƙa masa da hannu biyu.

Na koma na ɗora shayi. Can na ɗaga kai ban gan shi a famfon sha ba. Na miƙe na leƙa. Yana can nesa, a bakin ramin nan mai murfi, inda akwai wani famfo na daban. Ya zaro akwatin masan motarsa, ya juye, ya cusa bakin farin tiyon Injiniya a ciki har wuya, yana jijjigawa yana fito.

Ko na ruga, an riga an gama.

Ya dawo da shi a naɗe da kyau, ya ɗauraye bayansa, har da kwakwa biyu na godiya. Ban ga laifinsa ba har yau. Shi a ganinsa, mutumin da ya ba ka tiyo ba tare da tambaya ba, tiyon banza ya ba ka.

Na kai tiyon famfo. Na wanke bayansa da sabulu har sau bakwai. Na sakar masa ruwa a ciki har yashin wurin ya zama taɓo. Sannan na ɗauko kwalbar bilic, na ga layin biro. In na ɗiba yadda ake buƙata, ruwan zai sauka ƙasa da layi, ba kuma ranar wanki ba ce. Zai tambaya. In ya tambaya zan faɗa. In na faɗa, daga nan har Kaulaha, har mu koma Abuja, har a sa ɗayanmu a rami, Bakano ya samu abin faɗa a kan Zagezagi. Na mayar da kwalbar inda take.

Sai na koma ga karatuna. Na tari ruwan tiyon a kofin gilas, na ɗaga shi sama: fari tas. Na sansana: babu wari. Na kurɓa: ruwa ne. Uku sun cika. Na yi bismillah na cika tanki.

Injiniya ya dawo da azahar a gajiye, bai samu mataci ba. Ya ce, "Ka goge bakin famfo?" Na ce na goge, kuma gaskiya na faɗa. Ya murɗa famfon mota ya cika babban kofinsa, ya haɗiye magungunansa, ya ƙara wani kofin. Ina tsaye ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

Kwana ɗaya lafiya. Har na fara cewa malam ya yi gaskiya. Rana ta biyu da asuba cikina ya fara juyawa, kafin hantsi Injiniya ya kwanta. Amai da gudawa, ba tsayawa. Ni tsohon ƙarfe ne, na sha ruwan kududdufi a ƙuruciya, abin ya wahalar da ni amma ya bar ni a tsaye. Shi kuwa kafin azahar idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, ina kiransa yana amsawa da sunan marigayiya Hajiyarsa. Na zauna a kujerar direba, ko makulli na kasa sawa. Baturen nan ne ya ji nishi ya leƙo. Shi ya ɗauki Injiniya kamar yaro, shi ya tuƙa mu zuwa asibiti a motarsa, matarsa tana riƙe da kan Injiniya a cinyarta tana goge masa fuska. Washegari suka kawo mana motarmu har harabar asibitin, suka yi sallama, suka kama hanyarsu. Ba su san komai ba. Ban san yaren da zan gaya musu ba.

Likita ya sa masa ƙarin ruwa, ya tambaye ni me muka ci. Na ce kifi. Allah Ya yafe mini, na ɗora wa kifi.

A ƙofar asibitin akwai wata mai koko da ƙosai, Hajiya Memuna, 'yar zango, wato unguwar Hausawan can. Kakanta ne ya zo fataucin goro bai koma ba. Hausarsu ta can ba ta san mace ba, kowa "shi" ne. Ta ga ina zaune a gindin bango kwana biyu, ta aiko mini da koko. Na ce ba ni da kuɗin ƙasarsu a hannu. Ta ce, "Baba, wa ya tambaye ka? Sha. Mutumin Najeriya ya zo garinmu ya mutu da yunwa, kunya na wa?" Kullum safe sai ta ba ni, ta sa 'yan masallacin zango suka zo duba Injiniya, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Rana ta uku ta dube ni ta ce, "Baba, ciwon cikinka ya warke, amma fuskarka bai warke ba. Akwai magana a bakinka." Na ce babu. Ta ce, "To. Koko dai ba ya wanke shi."

A ranar Barista Zainab ta sauka daga jirgi. Ta shigo da gudu, ta ga mahaifinta, ta fita baranda ta yi kukanta, ta dawo ta kama aiki. Likita ya ce gudawar ta tsaya, amma fitsari ya ƙi zuwa, ƙodar ce suke tsoro. Ya ce a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan da cokali. Injiniya ya buɗe ido, nas ta kawo ruwan roba, ya kawar da kai. Da ƙyar ya ce, "Na mota."

Barista ta ce, "Baba Iro, ba ni makulli. Ka san Abba, in ba ruwansa ba ba zai sha ba."

Na ba ta. Wallahi na ba ta. Na zauna a benci ina jin takunta yana nisa, ina gaya wa kaina kwana biyar ke nan, ƙila abin ya mutu a ciki. Ta dawo da filas a hannu, ta wuce ni, ta tsiyaya a kofi, ta ɗauki cokali, ta tallafo kan mahaifinta.

Ban san lokacin da na isa bakin gadon ba. Na buge kofin ya tarwatse a ƙasa.

Ta ce, "Baba Iro! Lafiyarka kuwa?"

Na ce, "Kada ki ba shi. Ba kifi ba ne."

Na faɗa mata duka, a tsaye, a gaban nas da sauran marasa lafiya: Bature, ramin, sabulu sau bakwai, layin biro. Har uku ɗin malam na faɗa. Tana saurare, ruwan yana bin ƙasan gado. Na zaci za ta zage ni, na ma fi son haka. Sai ta ce a hankali, "Saboda kada ya yi maka dariya?"

Na ce, "E."

"Ka tsaya kana kallo ya sha?"

Na ce, "Ni ma na sha."

Ta ce, "Kai ƙodarka biyu lafiya." Ta juya ta tafi kiran likita. Na dubi Injiniya, idonsa a rufe. Ban san ko ya ji ba.

Bayan kwana huɗu ta ɗauke shi a jirgi zuwa Abuja. Ba ta ce mini komai ba sai, "Ka kawo motar gida." Hajiya Memuna ta ɗaure mini ƙosai a leda, ta ce in gaida Najeriya. Kafin in tashi na zubar da tankin, na juye masa kwalbar bilic ɗin gaba ɗaya, ba wanda zai duba layi. Farin tiyon na yanka shi gunduwa-gunduwa da wuƙa kafin in jefar, kada wani ya tsinta ya ga kyansa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Iyaka uku, ni kaɗai, ba Turanci ba Faransanci, gado biyu a bayana ba kowa. A kowace iyaka sai an tambaye ni ina mai motar, in ce yana asibiti, su ce ƙarya ne sato ta na yi. A wani wuri na kwana biyu a benci kafin Barista ta yi magana da su a waya. Na shigo ta Gwagwalada ranar wata Talata ana ruwan sama. Na ajiye motar a gidansa, na ba mai gadi makulli, na hau bas zuwa Dei-Dei. Talatu ta ga yadda na rame, ta ce, "Malam, haka Kaulahar take?" Na ce ba mu kai ba. Ko rabi ba mu yi ba.

Ƙodar ba ta dawo ba. Likitoci suka ce da ma a gajiye take, gudawar ce ta ƙarasa ta. Yanzu sai an ɗora shi a injin wanke jini sau biyu a mako, kuma mai wannan hali ba ya yin nisa da injin. Ko Zariya ba zai je ya kwana uku ba, balle Senigal.

Wata biyu ban taka gidan ba. Rannan sai ga waya, muryarsa ta zama siririya. Ya ce direban da Barista ta ɗauko masa ba ya magana, kamar gawa ke tuƙa shi, in zo in karɓi makulli. Na ce, "Injiniya, Barista ta gaya maka kuwa?" Ya ce, "Ba kurma ba ne ni, a gadon nake. Gobe ƙarfe bakwai."

Tun daga nan ni ke kai shi. Barista tana gaishe ni, "Ina kwana, Baba Iro," ba ƙari. A mota muna hirar hanya, da tsadar mai, da yadda aka rushe wuri kaza. Kaulaha ba ta taɓa fitowa daga bakin ɗayanmu ba. Rowa ma na daina ambata. Ya sha jawo ni, ya ce Zagezagi kaza, in ce haka ne ranka ya daɗe.

Makon jiya nas ta bar ni na shiga ɗakin injin, don yana son a riƙe masa hannu. Na zauna kusa da shi. Ta yage sabuwar leda a gabanmu, ta fito da wasu siraran tiyo guda biyu, ta sa safar hannu, ta goge fatarsa da magani, ta goge bakin kowanne. Ta soka, ta kunna. Na ga jinin Injiniya ya fito ta ɗaya, ya zagaya cikin injin, ya koma ta ɗayan. Awa huɗu ake yi a haka.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo da kai a kan filo, ya ɗan ɗaga gira yadda yake yi in zai tsokane ni.

Ya ce, "Iro."

Na ce, "Na'am."

"Waɗannan dai, don Allah, ko Bature ya zo da kuka, kada ka ara masa."

Nas ta yi dariya ba ta san dalili ba. Shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Ya zuba mini ido yana jira in rama, na ga yana so ƙwarai. Na buɗe baki, na nemi abin da Bazazzage zai ce wa Bakano, na duba ko'ina a cikina. Ban samu ba. Sai na gyara masa bargo a ƙafa, muka ci gaba da sauraren injin.